Gwangwanin Alhaji: Tarihin Kalmar Sulhu a Sabon Garin Gusau

A watan Janairun 1968, ina ɗan shekara goma sha biyu, Alhaji maƙwabcinmu ya ɗauke ni rakiya zuwa banki. Hunturu ne, hazo ya lulluɓe tashar jirgin ƙasa ta Gusau har ba a hango tankin ruwa. Gwamnatin Gowon ta canja takardun kuɗi don waɗanda ke hannun Biyafara su tashi daga aiki, aka ba mutane 'yan kwanaki kowa ya kai tsofaffin nasa. Alhaji ya rataya jakarsa ta fata, ni kuma ya ɗanka mini wani gwangwanin Ovaltine da aka ɗaure bakinsa da tsumma. Tun hantsi muke kan layi har aka kira azahar. Da muka isa gaban akawu, ya ƙirga nasa ya ajiye gefe, sannan ya karɓi gwangwanin ya zazzage, ya ce kada a haɗa. Akawu ya gaji, ya ce ai kuɗi duk ɗaya ne. Alhaji ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, yaro. Mai shi ya yi tafiya."

Mai shi wani tela ne Ibo da ke da gida da shago a layinmu. A lokacin yana can ƙetaren Kwara, cikin ƙasar da ake yaƙi da ita, ba wanda ya san ko yana da rai. Kuɗin hayar ɗakunansa ne Alhaji ke karɓa duk wata yana zubawa a gwangwanin.

Gusau ba ta kai Kano ko Katsina tsufa ba. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, a yankin da a da Katsina ke iko da shi, shi ya sa har yau ake ce wa sarkin garin Sarkin Katsinan Gusau. Abin da ya sauya mata kama shi ne layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga suka sami hanyar fita, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da sikeli, aka girka injin gurzar auduga. Bayan jirgin sai ga akawuna da makanikai da teloli, Yarabawa da Ibo da mutanen Filato da na kudancin Zariya. Turawan mulki suka yi abin da suka yi a Kano da Zariya, suka ware wa baƙi unguwarsu, Sabon Gari. Nan majami'u suka tsiro: ta Angilika, ta ECWA, da cocin Fatima na Katolika inda limaman ɗariƙar Dominik daga Amurka suka yi zango a shekarun 1950.

Babana Bamaguje ne daga wani ƙauye na ƙasar Tsafe. Ya zama Kirista yana lebura a reluwe a Zariya, aiki ya dawo da shi kusa da gida, 'yan'uwansa kuma da ya bari a ƙauye suka musulunta ɗaya bayan ɗaya. Shi ke karatun Littafi a sujadar Hausa ranar Lahadi. Alhaji, mai sayar da goro, Bagusashe ne na cikin gari da kasuwa ta fito da shi Sabon Gari. Shi da Baba da Tela katanga ɗaya ta raba gidajensu, Hausa kuma ta haɗa bakinsu.

Sai 1966 ta zo. A ƙarshen watan Mayu, bayan dokar Janar Ironsi ta haɗe yankuna, tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa, ba ta kuma tsallake Gusau ba. Ina tuna ihun "Araba!" yana tahowa daga wajen kasuwa. Tela da iyalinsa kwana uku suka yi a turakar Alhaji. Shagon Tela kuwa ko allura ba a bari ba. Aka ga wanda ya fita da keken ɗinkinsa a ka, kowa kuma ya san shi: ɗan ƙanen Alhaji ne, saurayi ɗan shekara goma sha tara. Ya kai keken Bungudu ya sayar. Da kashe-kashen suka dawo a ƙarshen Satumba, Tela ya miƙa wa Alhaji makullai, Baba ya sama musu wuri a wani tarago, suka tafi.

Gwangwanin nan ya dawo mini a rai bayan shekaru da yawa, a wurin da ban zata ba. Ina makarantar tauhidi a Bukuru, malaminmu na Helenanci ya rubuta wata kalma a allo, katallage, ya ce ita ce Littafinmu na Hausa ke kira sulhu. Aikatau ɗinta katallaso. Saiwarta allaso, wato musanyawa, wadda ita kuma ta fito daga allos, wato wani abu dabam. Ya juyo ya tambaye mu ko mun san inda kalmar ta fara zama kafin ta shiga majami'a. Muka yi ta laluben haikali da hadaya. Ya ce a'a, a kasuwa ne, a gaban ɗan canji.

A zamanin da, kowane birni na Girka da kuɗinsa. Na Atina da mujiya a jiki, na tsibirin Ejina da kunkuru, na Koranti da doki mai fukafukai. Falke in ya sauka daga jirgin ruwa, ko gurasa ba zai saya ba sai ya tsaya gaban mai tebur an canja masa. Sunan teburin trapeza, kuma har gobe da wannan sunan Girkawa ke kiran banki. Canjin da ake yi a kan teburin, da ɗan abin da mai tebur ke cira nasa, wato la'adarsa, duka katallage ake ce musu. Da wannan ma'anar kalmar ta zo a wani littafin tattalin arziki da ake jingina wa Aristotal. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Wapa cikin Fagge ya ga ana miƙa riyal ana karɓar naira, to ya ga katallage ido da ido.

Daga kasuwa kalmar ta hau zuwa fada. Birane biyu in sun gaji da yaƙi sukan tura jakadu, a ajiye gaba a ɗauki zumunci, shi ma musaya ce. Ta shiga ɗaki, tsakanin miji da mata. Yahudawa masu jin Helenanci suka kai ta wurin addu'a: a littafin Makabiyawa na biyu, wanda ke cikin Littafin Katolika, mutane na roƙo da fatan Allah ya huce ya shirya da bayinsa. Wannan ita ce hanyar da kowa ya sani, mai laifi shi ke tattaki, wanda aka ɓata wa shi ake lallashi. Haka ma take a Matiyu sura 5 aya 24, inda aka yi amfani da ƙanwar kalmar, diyallaso: wanda ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa ya bar baikonsa a gaban bagade, ya je su shirya tukuna.

Manzo Bulus ne ya juya akalar. Sau goma katallage da katallaso suka fito a Sabon Alkawari, sunan sau huɗu, aikatau sau shida, duka kuma a wasiƙunsa ga Romawa da Korantiyawa. Guda ɗaya, a 1 Korantiyawa 7:11, maganar matar da ta bar mijinta ce. Sauran tara a kan Allah da mutane ne, kuma ko sau ɗaya bai ce an lallashi Allah ya sauko ba. A bakin Bulus, Allah ne mai yin sulhun, mutum ake dawo da shi. Wanda aka yi wa laifi shi ya taso, tun ma masu laifin suna kan gabarsu, kamar yadda ya nuna a Romawa sura 5. A 2 Korantiyawa 5:19 kuma ya ɗauko wata kalmar ta akawuna, logizomai, wato shigar da abu cikin lissafi, ya ce ba a shigar da laifofin ba. Mutanen Koranti 'yan kasuwa ne, garinsu na zaune a kan wani siririn wuyan ƙasa da tashar jiragen ruwa a kowane gefe. Sun san tebur, sun san littafin bashi. Bulus ya zauna da su shekara ɗaya da rabi, ya san da wane harshe zai taɓa su.

Kuma bai rubuta wannan yana cikin kwanciyar hankali ba. Wajen shekara ta 55 bayan haihuwar Almasihu, shi da ikilisiyar Koranti sun saɓa ƙwarai. Wani a cikinsu ya ɓata masa rai, ya rubuta musu wasiƙa mai zafi da hawaye, ya tura Titus ya shiga tsakani. Da labari ya dawo cewa sun yi nadama, shi da kansa ya roƙe su su yafe wa mutumin, kada baƙin ciki ya cinye shi. Wanda ke wa'azin sulhun yana da tabonsa a jiki.

Na san ni da 'yan'uwana Musulmi ba mu haɗu a kan batun gicciye ba, ba kuma gardamar aƙida ta kawo ni ba. Abin da ya tsayar da ni a ajin nan shi ne na gane na taɓa ganin wannan juyin da idona, a zauren Alhaji.

Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970. Janar Gowon, wanda ya tashi a Wusasa a gidan mai bishara, ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci, ya sa sulhu a cikin manufofinsa uku na bayan yaƙi. Amma a banki wani lissafin aka yi. Wanda ya kai kuɗin Biyafara, ko wanda aka taɓa ajiyarsa a can lokacin yaƙi, fam ashirin aka ba shi, komai yawan abin da yake da shi. Da irin wannan fam ashirin ɗin Tela ya sauka a tashar Gusau da damina. Sai da ya yi magana muka gane shi, don ya zama kamar sillen kara. Yaransa biyu yunwa ta kashe. Matarsa ta rantse ba za ta sake taka Arewa ba, ba ta kuwa sake ba har ta mutu.

Da daddare Alhaji ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya kira Baba shaida, ni kuma aka sa ni riƙe fitila. Ya ajiye gwangwanin, ya buɗe wani ɗan littafi da ya rubuta da ajami, ya karanto wata-wata: wane ɗaki, nawa aka biya, nawa aka kashe wajen gyaran kwano da iska ta yaye. Tela ya ƙirga, bai ce komai ba. Ya ware wasu takardu ya tura gaban Alhaji, ladan wahala. Alhaji ya tura masa abinsa, ya ce, "Haba Tela, amana ake ba la'ada?" Sannan ya zaro wani ƙunshi daga aljihun 'yar cikinsa. Ya ce, "Wannan kuɗin keke ne. Ka san wanda ya ɗauka, ni ma na sani. Jinina ne, kunyar tawa ce. In kuma gaban alƙali kake so, ni zan kai maka shi."

Tela ya daɗe yana kallon ƙunshin. Sai ya tambaya, "Ina yaron yake?" Aka ce tun da ya ji an dawo bai fito daga ɗakin uwarsa ba. Tela ya mayar wa Alhaji ƙunshin, ya tashi.

Washegari da sassafe muka ga ya nufi cikin gari da ƙafa. Abin da uwar yaron ta faɗa daga baya shi ne, ya yi sallama, ya ce a gaya wa yaron zai buɗe shago, yana neman mai ɗaukar masa kaya zuwa kasuwannin Tsafe da Bungudu, in yana so ya zo. Ko sunan keke bai ambata ba. Yaron ya kwana biyu bai zo ba, a rana ta uku ya zo kansa a sunkuye. Shekara shida ya yi a shagon. Da ɗinki ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'yansa.

Akwai kuma littafin bashin Tela, wanda ya tsira don yana cikin gida ranar da aka fasa shago. Wata rana Inna ta aike ni sayen maɓallai, ya ƙunsa mini a 'yar takarda. Da na kwance a gida sai ga rubutu: sunan Babana, sule bakwai da sisi, kuɗin yadin kakin makarantata, Afrilun 1966. Bai soke ba, bai kuma aiko a tuna mana ba. Yage shafukan kawai yake yi ɗaya bayan ɗaya yana ƙunshe allura da maɓalli. Baba ya ɗauki kuɗin ya kai masa da kansa. Tela ya ce bai ga wannan a littafinsa ba.

Ita kalmar tamu ta Hausa, ta wata hanyar ta biyo. Lokacin da Likita Mila na CMS da abokan aikinsa a Zariya da Wusasa suke fassarar da ta fito a 1932, ba su ƙago sabon suna ba. Sun tarar da sulhu a bakin malamai da alƙalai tun tuni, aron Larabci, suka ɗora wa katallage shi, fassarorin baya kuma suka bi sahu. Saiwar Larabcin tana nufin gyaruwa da kyautatuwa, daga nan ne sunan Salihu ya fito. Musulmi ya san ta a sulhun Hudaibiyya na shekara ta 6 bayan Hijira, ya kuma san ta a aya ta 128 ta Suratun Nisa'i, inda aka fifita sulhu tsakanin ma'aurata. Abin sha'awa, littattafan nan biyu duk sun kai kalmar ɗakin aure, inda mu Hausawa muke da namu sunan, biko. Mace ta yi yaji, miji ya tura dattijo da goro da ɗan turmi, a yi faɗa, a yi nasiha, ta koma. Bahelene yana ganin abin a matsayin musaya, Balarabe a matsayin gyara, amma sun tarar da juna a wuri guda: in an tashi daga zaman, wani abu ya sauya.

Yanzu fa a Zamfara in ka ji an ce sulhu, ba wanda ke tuna biko. A ƙarshen 2016 gwamnatin Abdul'aziz Yari ta yi sulhu da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji, aka karɓi makamai a bainar jama'a, ba a jima ba hare-hare suka dawo. A 2019 Gwamna Bello Matawalle ya buɗe nasa, aka sami 'yan watanni na sauƙi. A Fabrairun 2021 Sheikh Ahmad Gumi ya shiga dazukan jihar ya gana da masu bindiga, a watan ne kuma aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Satumbar shekarar aka sace Sarkin Bungudu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi fiye da wata guda a hannunsu. A Yulin 2022 Sarkin 'Yandoton Daji, a nan ƙasar Tsafe, ya naɗa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani da sunan neman zaman lafiya, gwamnati ta dakatar da shi. Dauda Lawal da ya hau a 2023 ya ce shi ba zai yi sulhu ba. Kowane ɓangare da hujjarsa, kuma ban manta cewa makiyaya ma suna da nasu gawawwakin da nasu shanun da aka kora ba. Ni dai kalmar nake bi, na ga inda aka kai ta.

Da wata kaka ɗan ƙanen Babana ya iso daga ƙauye. Bayan gaisuwa ya zaro takardar da aka yago daga littafin ɗan makaranta, sunayen gidaje a jere, kowanne da adadi a gabansa, a sama an rubuta kuɗin sulhu. Ya ce, "Yaya, sulhu munka yi da mutanen daji. Sun aza muna kuɗi da man hwetur, in ba mu kai ba kahin Jumma'a, ba mai yanke dawatai." Na tambaye shi bara fa? Ya ce bara ma sun biya. Baɗi fa? Ya yi shiru.

Kalmar ta koma kan teburin ɗan canji, har da la'ada. Kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ta yi kama da ta Bulus a ido, don a nan ma wanda aka zalunta shi ke tattaki, shi ke biya. Amma Tela yana da zaɓi. An miƙa masa kuɗin keke, an buɗe masa ƙofar alƙali, ya bar su don kansa, kuma ɓarawon keke ya tashi daga ɓarawo ya koma tela. Mutanen ƙauyenmu bakin bindiga ne a wuyansu, wanda suke biya kuma yadda yake jiya haka yake yau. Hayar zaman lafiya suke yi daga kaka zuwa kaka.

Na kai wannan ƙorafin wurin babban ɗan Alhaji, abokina tun muna wasan langa, wanda yanzu shi ke limancin masallacin layinmu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, ai mu ma ba a bar mu a duhu ba." Ya bayyana mini aya ta 9 ta Suratul Hujurati: a sasanta ɓangarori biyu masu faɗa, in ɗaya ya yi zalunci a taru a kansa har ya dawo kan hanya, in ya dawo sannan a daidaita su da adalci. Ya ce sharaɗin shi ne dawowar. Na ce masa Bulus ma bai tsaya a kan an yafe ba, ya kira kansa jakada, yana roƙon ɗaya ɓangaren ya karɓa, don sulhu ba ya cika sai wanda aka je wa ya fito daga ɗakin uwarsa. Liman ya yi dariya har da tari, don ya san ɗakin da nake nufi.

Ɗan'uwana yana nan zaune yana jira da takardarsa. Na ce masa zan bayar, amma ya goge kalmar da ke sama, ya rubuta haraji ko fansa, ya bar sulhu ya huta. Ya dube ni irin kallon da manomi ke yi wa ɗan boko, ya ce, "Yaya, sa mishi sunan da kaka so. Dawa dai ta nuna."

Ban sake cewa komai ba. Na shiga ɗaki na ɗauko abin da ya rage na fansho, ya ƙirga, ya rubuta sunana a ƙasan na gidan Kawu. Ko ruwan da aka kawo masa bai shanye ba ya miƙe, don yana so ya sami mota kafin la'asar. Hanyar Tsafe ba a bin ta in rana ta yi sanyi.